Omron M3 Comfort: na'urar awon jini ga wanda ya tashi daga mura mai tsanani ko korona

Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, 'yan dubiya sun daina zuwa, mutum ya koma kasuwa ko ofis. A idon iyali an warke ke nan. Amma jijiyoyin jini ba sa warkewa rana ɗaya da maƙogwaro. Tun a shekarar 2004 wani babban bincike da aka yi da bayanan marasa lafiya a Birtaniya ya nuna cewa a kwana uku na farko bayan an gano ciwon numfashi, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ninkawa wajen sau uku, sannan ya riƙa sauka a hankali cikin makonnin da ke biye. Da korona ta zo abin ya ƙara fitowa fili. A watan Afrilun 2020 likitocin asibitin Mount Sinai da ke birnin Niyok suka ba da rahoton mutum biyar, dukansu ƙasa da shekara 50, da manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu suka toshe cikin mako biyu kacal. Wani binciken a birnin ya kwatanta masu korona da masu infuluwenza da suka je asibiti: kashi 1.6 cikin ɗari na masu korona sun samu toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, masu infuluwenza kuwa kashi 0.2. A 2022 kuma, bayanan tsofaffin sojojin Amurka sama da 150,000 suka nuna cewa shekara guda bayan korona haɗarin yana nan sama da na sauran mutane da kusan rabi.

Wannan ne ya sa muka ɗauki na'urar Omron M3 Comfort muka dube ta da ido ɗaya tak: me za ta yi wa gidan da ke da mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko dattijo, wanda ya kwanta mura mai nauyi? Hukuncinmu a taƙaice shi ne na'ura ce mai kyau, ta cancanci kuɗinta, kuma aikinta na kwanakin da ke kafin shanyewar jiki ne. Ranar da baki ya karkace, ba ta da abin da za ta faɗa wanda ya isa a tsaya a saurara. Za mu dawo kan wannan, domin a nan ne ake asarar rayuka.

Kafin nan, me ya haɗa mura da ƙwaƙwalwa? Idan ƙwayar bairas ta shiga, jiki yana tayar da kumburi don yaƙarta. Kumburin nan yana taɓa shimfiɗar da ke cikin jijiyoyi, wadda a da take da santsi, sai ta zama wurin da jini ke iya maƙalewa. Hanta tana ƙara fitar da sinadaran daskarar da jini, jinin ya yi kauri. Zazzaɓi da gumi da rashin cin abinci suna ƙarar da ruwan jiki, kaurin ya ƙaru. Kitsen da ya daɗe manne a bangon jijiyar wuya yana iya fashewa, gudan jini ya taru a kansa. Sannan ga zuciya: ciwon huhu mai tsanani yana iya jefa ɗakinta na sama cikin karkarwa maimakon bugu sosai, jini ya kwanta a wani lungu nata ya daskare, gudan ya ɓalle ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Cikin duk waɗannan, abu biyu ne kawai ake iya sa wa ido a gida: hawan jini da tsarin bugun zuciya. Su ne kuma na'urar nan take aunawa.

A ƙasarmu Najeriya hawan jini yana da nauyi ƙwarai a wannan lissafi. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa wajen kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a yankin yana da nasaba da hawan jini, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu fashewar jijiya ce ta same su, ba toshewa ba. Wanda ya shiga mura da jininsa a sama, ya shiga da itacen da wuta za ta kama.

A cikin kwalin akwai na'urar kanta, maɗaurin damtse da tiyonsa, batir huɗu masu girman AA, da takardar bayani. Abin da ya bambanta ta da ƙananan 'yan'uwanta shi ne maɗaurin. Ba irin mai laushin nan ba ne da ake naɗawa kamar rawani. An riga an lanƙwasa shi, yana da tauri kamar ɓawon gora, mutum ya buɗe shi ya zura hannu ya manne. Yana ɗaukar damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin na'urori masu araha suna zuwa da maɗaurin santimita 22 zuwa 32, kuma idan aka matse babban damtse da ƙaramin maɗauri lambar tana hawa ta ƙarya. Wani gwaji da aka yi a jami'ar Johns Hopkins a 2023 ya nuna cewa masu buƙatar maɗauri mafi girma, idan aka auna su da matsakaici, lambar sama, wato babbar cikin lambobi biyu na awon jini, tana ƙaruwa da kusan 20. Ashirin ta isa ta sa a ƙara wa mutum maganin da ba ya buƙata, ya miƙe tsaye jiri ya kayar da shi. Saboda haka kafin a saya, a ɗauki tef ɗin tela a auna tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda ya wuce 42, ko ramammen tsohon da bai kai 22 ba, wannan maɗaurin ba nasa ba ne. Yara ma haka, don haka masu yaro mai sikila kada su dogara da ita.

Amfani na biyu na maɗaurin shi ne jakar iskar da ke cikinsa ta kusa zagaye hannun gaba ɗaya, don haka ko tiyon ya ɗan kauce daga saitin jijiya awon ba ya lalacewa. Ga maras lafiyar da ke ɗaura wa kansa da hannu ɗaya, ko yarinyar da aka sa ta auna kakarta, wannan sauƙi ne babba. Aibinsa kuwa ba ya naɗuwa. Yana cin wuri a jaka, kuma idan aka danne shi da kaya ko aka zauna a kansa, lanƙwasar tana iya lalacewa.

Tana ajiye awo 60 na mutum biyu, kowa da nasa ɓangaren, ana sauyawa da ɗan maɓalli. A nan ne gidaje da yawa ke rikita lissafi: maigida ya auna a ɓangaren uwargida, maƙwabciya ta shigo ita ma a auna ta, ranar ganin likita a rasa na wane ne wane. Akwai hanyar auna baƙo ba tare da an ajiye ba, a koye ta daga takardar. Kuma duk sanda aka cire batir sai an sake saita kwanan wata da agogo, in ba haka ba awon da ta ajiye ba shi da lokaci. Mu dai shawararmu ita ce littafin makaranta mai layi da biro: kwanan wata, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa, bugun zuciya, da maganin da aka sha. Likita ya fi saurin karanta shafi ɗaya fiye da danna maɓalli sau sittin.

Kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce 3 sama ko ƙasa ba, kuma tana cikin na'urorin da aka gwada bisa ƙa'idojin asibiti. Amma ingancin na'ura ba ya gyara zaman banza. A zauna a kujera mai jingina minti biyar cur, ƙafafu biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. A tabbata an yi fitsari kafin a zauna. Minti 30 kafin awo ba shayi, ba kofi, ba goro, ba taba. A cire hannun riga gaba ɗaya. Naɗe hannun kaftani zuwa kafaɗa yana matse jijiya kamar igiya. Gefen maɗaurin na ƙasa ya tsaya santimita ɗaya zuwa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Hannun ya kwanta a kan tebur, maɗaurin yana daidai da tsakiyar ƙirji. Wannan na ƙarshen shi aka fi karyawa a gidajenmu, domin a tabarma ko bakin gado ake zama, hannu a cinya ko a sake. An gwada wannan ma a 2024: hannu a cinya yana ƙara kusan 4 a lambar sama, hannu a sake a gefe yana ƙara fiye da 6. Idan babu tebur, a jingina da bango a tara filo biyu ko uku a ƙarƙashin hannun. Ba magana, ba amsa sallama, ba duba waya.

Ranar farko a auna hannu biyu, wanda ya fi hawa shi za a riƙa aunawa kullum. Awo biyu da safe kafin shan magani da karin kumallo, minti ɗaya a tsakani, awo biyu da yamma. A yi haka kwana bakwai, a jefar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135 bisa 85 ko sama da haka hawan jini ne, ba 140 bisa 90 na asibiti ba, kuma na'urar tana nuna alama idan an kai wannan iyaka. Tana kuma haɗa awo biyu ko uku na cikin minti goma ta ba da matsakaicinsu. Ga wanda ya tashi daga mura mai nauyi kuma yana da hawan jini, mun fi son a fara tun yana kwance, a ci gaba har wata guda bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120, a huta minti biyar a sake. Idan tana nan, a ga likita a ranar, ba gobe ba.

Mai tari yana da matsala ta musamman da wannan na'ura, kuma ba laifinta ba ne. Ba sauraron jijiya take yi ba, girgizar bugun jini take ji ta cikin iskar maɗaurin. Tari ɗaya, atishawa ɗaya ko rawar ɗari ta zazzaɓi suna shiga cikin lissafin. Sai ta nuna alamar motsi, ko ta tsaya ta rubuta E4. A jira tarin ya lafa, a kurɓi ruwan ɗumi, a huta minti biyu a sake. E1 yawanci tiyo ne bai shiga raminsa sosai ba, ko iska na zurarewa daga tsohon maɗauri. E2 maɗaurin ne bai cika yadda ya kamata ba, kuma yana faruwa ga wanda lambarsa ta sama ta haura 210. Takardar ta yi bayanin yadda ake danne maɓallin farawa har iskar ta wuce abin da ake zato da 30 zuwa 40. Gaskiya dai wanda jininsa ya kai nan ba wasa da maɓalli ya kamace shi ba, asibiti ya kamace shi.

Alamar bugun zuciya marar tsari ita ce abin da ya fi jan hankalinmu, kuma ita ce inda na'urar take da iyaka. Tana fitowa idan tazarar bugu ta kauce wa matsakaicinta da kashi 25 cikin ɗari, sau biyu ko fiye a awo ɗaya. Ba ta bambance karkarwar ɗakin zuciya da tsallen bugu marar illa wanda mutane da yawa ke da shi, kuma motsi ma yana kunna ta. Idan ta fito sau ɗaya a mako, ba abin tashin hankali ba ne. Idan ta fito a awo uku a jere mutum yana zaune shiru, ko ta zo da faɗuwar gaba da haki, a je a ɗauki hoton bugun zuciya, wato i-si-ji, domin shi kaɗai ke tabbatarwa. Amfanin tabbatarwar kuwa babba ne: karkarwar nan tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar, kuma akwai magungunan tsinka jini da ke rage shi ƙwarai. Omron na da M6 Comfort da M7 Intelli IT masu tsari na musamman na neman wannan karkarwa ta hanyar awo uku a jere. Ga wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon zuciya, ƙarin kuɗin ya dace. Ga sauran mutane M3 Comfort ta wadatar.

Wani abin da littafin awon ke tonawa shi ne aikin maganin mura. Mutane da yawa jininsu na zaune lafiya har ranar da suka shiga kemis suka sayi haɗin maganin mura. A duba bayan kwalin. Idan an ga pseudoephedrine ko phenylephrine, waɗannan suna buɗe hanci ne ta hanyar matse jijiyoyi, kuma ba na hanci kaɗai suke matsewa ba. A ƙarshen 2023 kwamitin tsaron magunguna na Tarayyar Turai ya ce kada masu hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba, da masu ciwon ƙoda mai tsanani, su sha pseudoephedrine, saboda an danganta shi da matsewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ɗan'uwansu phenylpropanolamine kuwa tun a shekarar 2000 Amurka ta nemi a janye shi saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ibufurofen da diklofenak, da ake sha don ciwon jiki, suna riƙe gishiri da ruwa su ɗaga jini. Farasitamol ya fi dacewa da mai hawan jini. Kuskure na gaba shi ne ajiye maganin hawan jini da sunan "ba na cin abinci". Kada a daina da kai. Idan ana amai ko gudawa, ko lambar sama ta faɗi ƙasa da 100 tare da jiri, a kira likita ya faɗi wanne za a dakatar.

Yanzu ga inda na'urar take iya zama tarko. Fuska ta karkace gefe ɗaya, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe kamar an cika baki da tuwo, ko gani ya ɗauke a gefe guda, ko mutum ya kasa tsayuwa daidai: da zarar an ga ɗaya daga cikin waɗannan, maganar awo ta ƙare. Idan aka auna aka ga 130 bisa 80, iyali sukan ce jininsa lafiya lau, a bari zuwa safe. Toshewar jijiya tana faruwa da jini daidai, musamman wadda gudan jini ya haddasa bayan bairas. Idan kuma aka ga 200 bisa 110, sai a ruga a ba shi ƙwaya biyu, ko a fasa nifedifin, wani maganin hawan jini, a ƙarƙashin harshe. Wannan ya fi na farko muni. A lokacin toshewa jiki da kansa yake ɗaga jinin don ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwar da bai riga ya mutu ba. Saukar da shi farat ɗaya yanke wa wannan ɓangare abinci ne. Ko a asibiti, idan toshewa ce, likitoci sukan bar shi har 220 bisa 120 a ranar farko, sai dai idan za a yi allurar narkar da gudan jini, wadda take buƙatar ya sauka ƙasa da 185 bisa 110, a hankali, ta jijiya.

Asfirin ma kada a bayar a gida. Toshewa da fashewa kamarsu ɗaya a ido, hoton ƙwaƙwalwa irin na siti-sikan ne kawai ke raba su, kuma asfirin ga wanda jijiyarsa ta fashe ƙarin zubar jini ne. Kada a ɗura masa ruwa, ko zuma, ko rubutu, domin haɗiya tana lalacewa, abin ya zarce huhu. A yi masa addu'a da tofi a cikin mota. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo a riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya, domin allurar narkar da jini tana da wa'adin awa huɗu da rabi daga wannan lokacin. Idan akwai na'urar suga a duba, minti ɗaya ne, kuma faɗuwar suga tana kwaikwayon shanyewar jiki. A nufi asibitin da ke da siti-sikan kai tsaye, ba ƙaramin asibitin unguwa ba, a tafi da littafin awo da kwalayen magungunan da yake sha. Ko alamun sun wuce cikin minti goma, a je, gargaɗi ne.

Akwai kuma nau'in da awon jini ba ya hangowa ko kaɗan: daskarewar jini a manyan hanyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa. Ya fi samun mata matasa, musamman masu jego da masu shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estirojin, kuma zazzaɓi da ƙarancin ruwa suna ƙara shi. Yana farawa da ciwon kai da ke ƙaruwa kullum, ya fi tsanani in an kwanta, ba ya jin farasitamol, sai amai, gani biyu-biyu, ko farfaɗiya. Mai jegon da ta yi mura mai nauyi ta shiga irin wannan ciwon kai, ko na'ura ta nuna 120 bisa 80, a kai ta asibiti.

Na'urar ba ta auna iskar da ke cikin jini, don haka mai ciwon huhu yana buƙatar ɗan maƙalin yatsa mai auna iskar daban. Shi ma a san cewa a fata mai duhu yakan nuna lamba sama da gaskiya, kuma jan farce ko baƙin lalle suna ruɗa shi. Mai haki sosai kada a tsaya jiran lamba.

Game da ɗorewa, an ƙera ta ne don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ɗaki mai rufin kwano yana wuce nan da rana, wani dalilin da ya sa awon safe da na dare ya fi. Kada a bar ta a mota. A lokacin hunturu a rufe ta, ƙura na shiga ramin tiyo. Batir masu kyau na alkalin suna kai wajen awo 1000 bisa lissafin kamfanin. Masu arahar nan suna mutuwa da wuri, kuma idan suka zubar da ruwa sun cinye ƙarfen mazauninsu. Idan za a ajiye ta watanni a cire su. Tana da wurin sa waya ta lantarki, amma daban ake sayen wayar. Maɗauri ba a wanke shi a ruwa, gogewa ake yi da tsumma mai ɗan laima, kuma shi ne yake fara tsufa kafin na'urar.

Kuɗinta ya fi na marasa suna da ke zube a kasuwa nesa ba kusa ba, kuma yana bin dala. Saboda sunan ya karɓu, akwai jabu. A saya a babban kantin magani ko wurin dillalan kayan asibiti, a duba lambar samfurin da ke ƙasan na'urar ta yi daidai da ta kwali, a karɓi rasit. A makon farko a tafi da ita asibiti, a auna da ita a auna da tasu a hannu ɗaya, minti ɗaya zuwa biyu a tsakani, sau biyu ko uku. Idan bambancin lambar sama yana wuce 10 a kowane karo, a mayar da ita inda aka saya.